Kwamfutar ta iya magana, Hausa ce ba ta iya ba

A shagona na buga takardu da ke Mabera akwai kwamfuta guda da ba mai damuwa da allonta. Ya tsage tun bara, rabinsa baƙi ƙirin. Ita ce ta ɗan kawuna, wanda ciwon ido ya raba shi da gani yana ɗan firamare. Yakan zo bayan La'asar, ya sa abin sauraro a kunne, ya danna Ctrl da Alt da N, manhajar NVDA ta tashi ta fara karanta masa duk abin da ke kan allo. Ya ƙure saurin muryar har ni ba na tsintar komai sai ɓaɓatu, shi kuwa yana cike fom yana dariya.

Kafin NVDA, JAWS yake amfani da ita, kamar yawancin makafin da suka koyi kwamfuta a ƙasar nan. Manhaja ce mai kyau, ba na ƙi. Amma kamfanin Amurka ne ke sayar da ita, cikakken lasisinta kuma ya haura dala 1,000. Ka buga wannan da canjin yau ka gani. Wanda bai biya ba sai ya haƙura da ta gwaji, mai aiki minti 40 ta yi shiru, sai an kashe kwamfuta an sake kunnawa. Ga shi kuma a Sakkwato muke, inda wutar ma a kan lokacinta take zuwa. Sauran mutane kuwa ta sata suke sa wa, wadda kan zo da ƙwayar cuta ta lalata komai.

NVDA wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka gina ta, Michael Curran da James Teh. An fara aikin a 2006, kuma har gobe kyauta ce. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya zuba ta a filas. Ɗan kawun nawa a aljihu yake yawo da tasa, duk kwamfutar Windows da ya samu ya soka filas ɗin ya kunna ta, ta fara yi masa magana, ba sai ya roƙi mai shago ya girka masa komai ba. Masu kwamfutar Linux suna da irinta mai suna Orca, wayoyin Android kuma da TalkBack suke zuwa, a cikin saiti kawai za a kunna. Matsalar kuɗi dai, a wannan fannin, an yi maganinta.

To, sai maganar harshe. Ranar da Kawu ya leƙo shagon, ɗansa ya buɗe masa labarin Hausa a intanet don ya yi masa burga, ya sa a sifika. Tsohon ya kasa kunne, ya daɗe, sannan ya ce, "Kai, wanga Bature mi shika faɗi?" Gaskiyarsa. Muryar Ingilishi ce ke kokawa da rubutun Hausa. "Sake" ta koma "seik", "mace" ta koma "meis", haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kuwa ko ta tsallake su ko ta tsaya tana kiran sunansu a tsakiyar kalma. Yaron ya saba, kunnensa na gyara kalmomin da kansa, amma wannan wahala ce da mai karanta Turanci bai san da ita ba.

Injin murya na kyauta da ke zuwa tare da NVDA sunansa eSpeak NG, yana da harsuna fiye da 100. Mun bi jerin tare: ga Swahili, ga Amharik, ga Oromo, har da Latin wanda ba mai cinikin tumatir da shi a duniya. Hausa babu. Ba kuma wani ne ya hana ba, domin injin a buɗe yake, kowa na iya rubuta ƙa'idojin furucin harshensa ya tura a haɗa. Aikin yana da ɗan wuya, tunda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai an haɗa da ƙamus na furuci. Amma masana Hausa ba su yi mana kaɗan ba. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan tsarin sautin Hausa, ga ɗaliban kwamfuta da ke neman abin rubuta kundin kammala digiri kowace shekara. Ni a ganina haɗa su a ɗaki ɗaya ne ba a yi ba.

Akwai kuma laifin da yake namu, mu masu ido. Manhajar nan rubutu ta fi iya karantawa, hoto kuwa yakan gagare ta. Sanarwar ɗaurin aure, jadawalin jarrabawa, tallar ɗaukar aiki, duk sai a ɗauke su hoto a watsa a WhatsApp. Makaho ya taɓa, wayar ta ce masa "hoto", shi ke nan. Wani ofis ya taɓa turo masa takardar kiran intabiyu haka, sai da ya jira na dawo daga kasuwa na karanta masa. Manhajar wani banki kuwa maɓallanta ba su da suna, ko ina ya taɓa "maɓalli" kawai take cewa, dole ya miƙa wa wani wayarsa da lambar sirrinsa kafin ya tura kuɗi.

Doka tana nan. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Marrakesh tun 2017, wadda ta halatta a mayar da littattafai sigar da makafi za su iya karantawa. Binciken ƙasa kan makanta na 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta makafi sama da miliyan ɗaya cikin 'yan shekara 40 zuwa sama kaɗai, mu nan Arewa kuma da kasonmu mai tsoka.

A shagona dai na sa ƙa'ida: duk wanda ya kawo katin biki ko sanarwa a tsara masa, ina haɗa masa da rubutun zalla ya tura tare da hoton. Ba na karɓar ko sisi a kansa. Wasu na turawa, wasu kuma ce mini suke wane makaho ne zai zo bikin.