Motocin da injinsu ke bayan kujera: abin da wata Cayman ta koya min a Apo

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran motocin Jamus a Apo da ke Abuja, Benz da BMW su ne abincina na yau da gobe, amma motar da ta fi koya min karatu wata 'yar ƙarama ce mai kujera biyu, Porsche Cayman S ƙirar 2007, baƙa wuluk. Wani yaro ne ɗan Gwarinpa, mahaifinsa kwastomana ne tun ina yaron gareji, ya kira ni da rana ya ce Oga don Allah zo ka duba min wata mota kafin in biya kuɗi. Na je na tarar dila ya riga ya tayar da ita tana ta aiki, inji ya ɗau zafi. Na leƙa ƙasa babu yoyo, na jona kwamfuta ba ta nuna komai ba, muka hau titin filin jirgi na taka ta, wallahi har yau ina tuna yadda ta amsa, injin lita 3.4 mai ƙarfin doki 295 yana kuka daidai bayan kunnena. Muka dawo na ce masa saya, lafiyarta lau.

Ba a yi wata biyu ba ya dawo min da ita. Da safe in an tayar sai ka ji tak-tak-tak daga gefe ɗaya, ga shan baƙin mai, kullum sai an ƙara. Na cire filogi shida na jera a kan kwali, biyar kalarsu ɗaya, na shidan baƙi ƙirin ya jiƙe da mai. Na aro 'yar kyamarar nan mai dogon wuya wajen wani abokin aikina na zura ta ramin filogin, sai ga bangon silinda duk zane-zane daga sama har ƙasa kamar an ja ƙusa a jikin tukunya. Gabana ya faɗi, don na san abin da hakan ke nufi. Bulok ɗin injin nan alminiyam ne, ba irin na ƙarfe ba ne da za ka kai a faɗaɗa ramin a sa fistin mai girma a wuce wajen, sai dai a dasa sabon silinda a ciki ko a nemo wani injin gaba ɗaya. Kuma wannan ciwo sananne ne a injin 3.4 na waɗannan shekarun, masu gyaran Porsche a Turai da Amurka sun daɗe suna magana a kai, ni ne dai ban tsaya na bincika ba, na ɗauka tunda na san Benz na san kowace motar Jamus. Na je har gida na samu Alhaji mahaifin yaron na ce ranka ya daɗe laifina ne, ni na ce yaro ya saya ban duba abin da ya kamata in duba ba. Bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi Allah ya kiyaye gaba, kuma wannan ya fi min faɗan ciwo.

Tun daga ranar ban sake yarda in duba irin motocin nan da zafin inji ba. In dila ya ce in zo da rana sai in ce a'a, da sassafe zan zo kuma kar kowa ya taɓa makulli, in na iso hannuna nake fara ɗorawa a salansa in ji ko da ɗumi. Sai in kwance filtar mai in baza takardarta a rana ina neman ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, saboda akwai wani boris a cikin injin Cayman da 'yar uwarta Boxster mai buɗaɗɗen rufi na kafin 2009, ana ce masa IMS, yana riƙe da sandar da ke juya sarƙoƙin taimin, in ya watse to injin ya tafi. A tsofaffin Boxster ana iya canza shi in an sauke giyabos, amma na wajen 2006 zuwa 2008 sun sa babba wanda ba ya fita sai an raba injin biyu, sai dai shi bai cika lalacewa kamar na baya ba. A 2009 Porsche suka kawo sabon inji wanda babu wannan boris ɗin kwata-kwata, a lokacin ne kuma suka kawo giyar PDK, wato otomatik mai kuloci biyu. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu nake ce masa in aljihu zai kai ya fara dubawa daga 2009 zuwa sama, kuma ƙaramar mai lita 2.9 ta ishe shi, gudun da za ta yi ma babu titin da zai ƙure ta a Abuja.

Bari in ɗan yi bayani don wanda bai saba da su ba. Abin da ake nufi da inji a tsakiya shi ne injin yana bayan kujerar direba amma gaban tayoyin baya, wato abin da ya fi komai nauyi a motar yana zaune tsakanin tayoyi huɗu. Shi ya sa in ka juya sitiyari take bi nan take kamar ta san abin da ke ranka, birki ma ya fi kamawa daidai. Amma fa ranar da bayanta ya kufce, musamman a ruwan Agusta da tsohuwar taya, juyawa take yi da sauri irin na katantanwa, kafin ka gyara ta riga ta kalli inda ta fito. Don haka nake duƙawa in karanta lambobi huɗun nan na jikin taya, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, sau da yawa za ka ga zanen taya da sauransa amma ta shekara takwas ta bushe. Kuma tayar gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba, Cayman ɗin ma ba ta zuwa da safaya sai ɗan famfo da ruwan liƙi.

Mu kuma masu gyara a nan wahalar take. Babu bonet ɗin da za ka ɗaga ka ga komai a fili, sai ka cire kafet ka kwance murfi ta sama, wani murfin ta bayan kujeru in fanbel kake nema, filogi kuma sai ka cire tayar baya ka zura hannu ta gefe. Aikin awa ɗaya a Camry a nan sai ya ci yini. Lagireto kuma suna can gaba a kusurwoyin bamba, ruwa sai ya bi dogayen bututu ta ƙarƙashin mota ya je ya dawo, sama da lita 20, in iska ta maƙale a ciki ba ta fita da sauƙi sai da na'urar zuƙe iska. Na taɓa sauke bambar wata Boxster na kwashe busasshen ganye da ledar fiyawota da ƙurar hunturu cike da bokiti ƙarami daga tsakanin lagireto da na esi, mai ita yana ta mamakin me ya sa take zafi a watan Maris. Al'adar nan tamu ta cire tamostat a zuba ruwan famfo a jona fanka kai tsaye, don Allah 'yan uwana makanikai kar a yi wa waɗannan motocin, kashe su ake yi a hankali. Wani abin kuma da ya taɓa tsayar da ni rabin yini, batirin Cayman yana cikin but ɗin gaba, but ɗin kuma da lantarki yake buɗewa, in batir ya mutu sai ka je akwatin fis da ke wajen ƙafar direba ka zaro wani ɗan jan ƙarfe ka ba shi wuta daga wani batirin sannan ya buɗe.

To in aka zo kwatance tsakanin motoci masu inji a tsakiya, ni yanzu ba da gudu nake fara auna su ba, abin da nake tambaya shi ne a shekara wata nawa motar za ta yi a titi, wata nawa za ta yi a kan jak tana jiran kaya. A wannan ma'aunin babu kamar Toyota MR2 Spyder, wadda aka sayar a Amurka daga 2000 zuwa 2005. Injinta 1ZZ ne mai lita 1.8, irin na Corolla ɗin da ta cika garin nan, doki 138 kacal amma motar ba ta wuce tan ɗaya ba, shi ya sa take da daɗin tuƙi. Filogi, filta, famfon ruwa, ko injin sukutum, ka shiga kasuwar Gudu ka fito da shi yau. Aibinta akwai wasu ƙananan katalis masu tace hayaƙi guda biyu dab da injin, in suka tsufa suna farfashewa injin ya zuƙi garin ya cinye silinda, sai a duba su tun wuri, kuma a nemi mai kuloci a ƙafa a bar mai giyar SMT wadda kwamfuta ke taka mata kuloci. Fitila ko bamba kuwa in suka fashe sai an yi oda, kuma wajen kaya babu, jakar tafiya Kaduna ma da ƙyar. Lotus Evora ma dabararta ke nan, injin 2GR mai lita 3.5 ne a ciki irin na Camry V6 da Lexus RX350, injin ba zai ba ka ciwon kai ba, amma shasinta alminiyam ne da aka haɗa da gam, in ya lanƙwashe ba aikin fanalbita ba ne.

Audi R8 ita ce wadda samari suka fi so, kuma ban ga laifinsu ba. Ta farkon mai V8 lita 4.2 doki 420 ce, tayoyi huɗu duk suna ja, daga baya aka kawo mai V10 lita 5.2 'yar uwar injin Lamborghini Gallardo. Injinan suna da ƙwari in ana yi musu juye a kan lokaci. Inda kuɗi ke tafiya shi ne giyar R tronic ta kafin wajen 2012, kuloci ɗaya ne kwamfuta ke taka shi, a cunkoso irin na Nyanya da yamma ci yake yi kamar wuta, sai shokar nan mai maganaɗisu da ke yoyo in ta tsufa, ga jikin alminiyam wanda mai waldan ƙarfe ba zai iya ba. Kuma a lura, da yawan masu araha da ke shigowa daga gwanjon motocin hatsari na Amurka ne, a sa lambar VIN, wato lambar shasi, a intanet a nemo hotonta na ranar gwanjo kafin a yi maganar kuɗi. Corvette C8 da ta fito a 2020 ita ce Corvette ta farko da inji a tsakiya, V8 lita 6.2 doki kusan 495, injin mai sauƙin fahimta ne irin na Amurkawa amma giyarta mai kuloci biyu tana son nata man da tata filtar, ba a yi mata ɗauki-ɗora. Abin da ya burge ni da ita wasu suna zuwa da abin ɗaga hanci, har tana tuna wurin da ka saba ɗagawa, duk wanda ke zaune a estet mai tudun rage gudu kowane taku ashirin ya san amfanin wannan. Ferrari kam a taƙaice, F355 sai an sauke inji ake canza bel ɗin taimin, 360 ta bayan kujera ake shiga, F430 sarƙa ce, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka bambancin kuɗin riƙo tsakanin motoci uku na gida ɗaya.

Maganar mai ma ba ƙarama ba ce. Porsche suna son fetur mai lamba 98, namu na gidajen mai ma'auninsa 91 ne, motar za ta yi aiki don kwamfuta tana ja da baya in ta ji alamar nokin, amma ƙarfin da aka rubuta a takarda ba shi kake samu ba, kuma taka ta har ƙasa da tsakar rana da irin wannan man zalunci ne. Wanda yake garin nan a Fabrairun 2022 ya tuna gurɓataccen man da ya shigo mai yawan metanol da yadda motoci suka cika garejoji. Sannan daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, wata mai bi aka saki naira, dalar da ake lissafi wajen 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk wani kayan motocin nan da dala ko yuro ko fam ake sayo shi, ga kuɗin jirgi ga kwastam. Mutanen da suka sayi mota da lissafin da sai suka wayi gari famfon ruwa ɗaya ya ninka sau uku. Yanzu kai tsaye nake tambayar mai saye, Yallaɓai bayan ka biya kuɗin motar me ya rage a hannunka, kuma akwai wata motar ta zuwa aiki? In ya ce duk abin da ya tara ke nan kuma ita kaɗai ce, ina ce masa ya haƙura tukuna, ko da zai ji haushina. Wasu sun ji haushin sun tafi wani garejin, wasu sun dawo daga baya.

Ita baƙar Cayman ɗin wata bakwai ta yi a garejina a rufe da tampol kafin a samo wani injin daga Jamus, kuma kafin a biya kuɗinsa sai da na sa mai sayarwar ya zura kyamara a silinda shida ɗaya bayan ɗaya ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Ban karɓi ko sisi na aikin hannu ba, ni da yarana biyu muka ɗora shi cikin kwana huɗu. Kuɗin farko da ya shigo min bayan nan kyamarar na saya tawa ta kaina, tana cikin akwatin da nake kullewa tare da kwamfuta. Yaron har yanzu motar tana hannunsa, duk kilomita dubu biyar yake kawo ta juye, kuma shi da kansa yake baza takardar filtar a rana mu duba tare kafin in zuba sabon mai.