Gajiyar da barci ba ya maganinta

Wata 5 bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ni na koma aji. Na ajiye sanda, hannuna na dama yana riƙe alli, sai dai rubutun ya ɗan karkace. Abokan aiki suna ta "Malam, barka da arziki, ai ka warke sumul." Ni ma na yarda da su, na ce a mayar mini da darussana 24 na mako gaba ɗaya.

Ranar Laraba da hantsi, ina tsakiyar lissafi a allo, sai kaina ya tsaya cak. Ina ganin lambobin, na rasa abin da zan yi da su, jikina ya yi nauyi kamar an jiƙa bargo an lulluɓa mini. Na ɗauka ciwon ne ya dawo, aka garzaya da ni asibiti. Likitar ta duba bakina da hannuwana da maganata, ta ce ba sabuwar shanyewa ba ce, gajiyar da ke biyo bayan ciwon ce. Kusan rabin waɗanda suka tashi suna fama da ita, har da waɗanda ciwon bai yi musu tsanani ba. Ta tambaye ni ko ina minshari da dare, ko raina yana yawan ɓaci, ta sa aka auna jinina, ta sake duba magungunan hawan jinin da nake sha, don duk waɗannan suna iya ƙara ta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne abin da ke cinye ƙarfin. Tattaki zuwa masallaci ba ya yi mini komai. Amma minti 20 a ofishin malamai, mutum uku suna magana lokaci guda, ga rediyo, sai in fito kamar na yini a gona. Duba takardun jarrabawa ma haka. Ranar da na tashi garau kuwa ita ce tarko: in yi ɗoki, in gama aikin kwana uku, in leƙa ɗaurin aure, sai in biya da kwanciyar kwana biyu.

Faɗa wa shugaban makaranta ya fi komai yi mini wuya, don mai gajiya ba shi da tabon da zai nuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa ta warke, kai ne da saura." Aka rage darussan zuwa 12, duk kafin tara ta biyu, wato hutun ƙarfe 11. Bayan azahar ina shiga ɗakin ajiye littattafai in rufe ido, ko barci bai zo ba.

Na ji wani yana cewa Malam ya zama ɗan hutu. Ya yi mini ciwo, ban tanka ba. Wannan zangon na kai darasi 16, kuma takardun jarrabawa goma-goma nake dubawa, bayan sallar asuba, kafin yara su tashi.