Idan FreeBSD ta ƙi ganin modem ɗinka

Wanda ya ɗora FreeBSD, manhajar tafiyar da kwamfuta irin su Windows da Linux, a tsohuwar kwamfutar da ya sayo a Sabon Gari ko PZ a Zariya, ya jona modem bai ga komai ba, yakan ɗora wa manhajar laifi. Mafi yawan lokuta ba nan matsalar take ba. Tana jikin modem ɗin, kuma gara a tantance irinsa tun kafin a ɓata dare ana sauya saiti.

Modem na kira ta layin waya iri biyu ne. Akwai mai cikakkiyar ƙwaƙwalwa, wanda shi da kansa yake mayar da bayanai sauti. Akwai kuma wanda ake kira winmodem, katin da ake sokawa a ramin PCI, mai guntun Conexant ko Lucent ko Smart Link. Wannan rabin modem ne, direban Windows ke yi masa sauran aikin. A Linux an taɓa samun masu lallaɓa shi, amma a FreeBSD ta yau ban ba kowa shawarar gwadawa ba. Buga pciconf -lv. In ka ga ɗaya daga cikin sunayen nan, cire katin ka huta.

Na waje mai wayar siriyal, mai baki tara, shi ne abin nema, don ba ya buƙatar direba na musamman. Buga dmesg | grep uart. In uart0 ta fito, COM1 ke nan, sunanta kuma /dev/cuau0. Sai ka yi magana da shi kai tsaye da cu -l /dev/cuau0 -s 115200, ka rubuta AT. Amsar OK kaɗai kake jira. ATI zai faɗa maka sunansa, ATZ ya mayar da shi saitin da aka ajiye masa, ~. kuma ya fitar da kai. In an hana ka shiga, sunanka ne ba ya cikin rukunin dialer.

In shiru ka ji, duba abu uku. Wataƙila an kashe ƙofar siriyal a BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. Wataƙila wayar da aka ba ka mai gicciye ce, irin ta haɗa kwamfuta da kwamfuta. A ido tana kama da miƙaƙƙiya, shi ya sa take wahalar da mutane. Na uku shi ne abin wuta. Kayan da suka fito daga Amurka na wuta volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ka karanta jikin adaftar kafin ka soka, don in ta ƙone shi ke nan.

Na USB kuwa, sai wanda ke bin tsarin CDC ACM, irin US Robotics 5637. Buga kldload umodem, zai bayyana a /dev/cuaU0, da babban U. Ƙaramin u na siriyal ne. Harafin nan ɗaya yakan sa mutum ya yi ta zagaye a banza.

To, layukan NITEL sun daɗe da mutuwa a Zariya, sai dai wanda ke da ƙaramin layin cikin gida na ofis. A irin wannan layi modem yakan ce NO DIALTONE saboda bai gane sautin ba. ATX3 ke sa shi ya kira ba tare da jira ba. Da damina kuma a zare wayar layin in hadari ya taso, don ta nan tsawa take shiga.

Abin da galibinmu ke kira modem a yau shi ne ɗan ƙaramin abin nan na USB mai sim, kuma da wannan yare na AT yake magana. Wayonsa shi ne yana fara bayyana a matsayin faifan CD mai ɗauke da direban Windows. Na Huawei da yawa suna nuna lamba 12d1:1446 a wannan hali. Direban u3g yakan juya shi da kansa. In ya gaza, sai usb_modeswitch. Daga nan ƙofofi za su fito, cuaU0.0, cuaU0.1 da sauransu. Gwada AT a kowace, galibi ta farko ce ta kira. Ba shi AT+CGDCONT=1,"IP","web.gprs.mtnnigeria.net" in layin MTN ne, lambar kira kuma *99#. Sababbin da ake kira HiLink ba sa bin wannan hanya, katin sadarwa suke zama, a same su a 192.168.8.1.

Saura /etc/ppp/ppp.conf, fayil ɗin saitin ppp, manhajar da ke yin kiran ta haɗa ka da intanet. Sunan sashe a farkon layi yake farawa, da digo biyu a ƙarshensa, sauran layuka kuma dole a bar musu tazara a gaba, in ba haka ba ppp ba za ta karanta su daidai ba. Sa set device, set speed, set phone, add default HISADDR da enable dns, sannan ka kira da ppp -ddial da sunan sashen. In ya haɗu amma shafi ya ƙi buɗewa, leƙa /etc/resolv.conf. In ya katse tun kafin haka, dalilin yana cikin /var/log/ppp.log.