Aikina karya fukafukai ne

Duk wanda ya ji cewa digirin digirgir ɗina a kan jiragen sama nake yi, tambayarsa ɗaya ce: "To Injiniya, yaushe za ka ƙera mana namu?" Kawuna na Kubwa har ya kama kujerar gaba. Nakan ce masa, "Kawu, Allah ya ja kwana, ni fa karyawa nake yi." Kuma ba zolaya ba ce. Nakan haɗa ƙaramin samfurin wani sashe na jikin jirgi, in danna shi har ya lotse, sannan in zauna in lissafa abin da lotsewar ke faɗi game da na ainihi, wanda ya ninka shi goma.

Kuɗi ne ya kawo haka. A watan Maris na 2010 kamfanin Boeing ya ɗaure jirgi ƙirar 787 sukutum a cikin wani ƙaton kejin ƙarfe, aka yi ta jan fukafukansa sama har suka lanƙwashe kusan mita 7.6, da nauyin da ya kai kashi 150 cikin ɗari na mafi tsananin abin da zai iya gamuwa da shi a sama. Wa ke da jirgin sadaukarwa duk lokacin da wata dabara ta faɗo masa? Ko Wilbur da Orville Wright, akwatin katako mai fanka suka harhaɗa a shagonsu na kekuna a Dayton a 1901, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200 a ciki, kafin su tashi a 1903.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abu in ya ƙanƙance, halinsa ma sauyawa yake. Galileo ya rubuta haka tun 1638. Rage tsawo da faɗi da kauri sau goma: fuskar da ke ɗaukar kaya ta ragu sau 100, nauyin abin kuwa ya ragu sau 1000. Ke nan ƙaramin bai jin nauyin jikinsa kamar babban, sai ya yi ta nuna ƙarfin da ba nasa ba. In ka ƙwanƙwasa shi kuma, saurin karkarwarsa ya ninka na babban sau goma. A 1914 Edgar Buckingham ya tsara mafita: a daina kallon tsawo ko nauyi ɗai-ɗai, a haɗa su rukuni-rukuni har su zama tsurar lamba marar mita marar kilo. In lambobin nan sun zo ɗaya a ƙarami da babba, halinsu zai zo ɗaya.

A takarda ke nan. A ɗakin gwaji ba su taɓa zuwa ɗaya gaba ɗayansu, kuma nan ne bincikena ya tsaya.

Kusan rabin nauyin jikin 787 zaren kabon ne da aka jiƙa da gam, aka shimfiɗa falle kan falle, kowane falle zarensa na kallon wata kusurwa daban. Kaurin falle ɗaya wajen milimita 0.125 ne. A ce bangon da nake kwaikwayo falle 16 ne, milimita 2. In na rage shi sau goma, milimita 0.2 nake bukata, ko falle biyu bai cika ba. To ina zan zuba kusurwoyin falle goma sha shida a cikin falle ɗaya da ɗan ɗori? Ƙusoshin ma haka, gam ɗin ma haka, ba a sayar da su da ƙaramin lamba. Dole in zaɓi abin da zan riƙe da abin da zan saki. In lotsewa nake bi, taurin lanƙwasa nake riƙewa, in bar kauri ya yi ƙarya, in kuma san girman ƙaryar a lissafi. Shi ya sa samfurina ba shi da kyan gani: ya fi ƙima kauri, ga gutsattsarin darma manne a jikinsa don nauyi ya zauna inda ya dace. Wanda ake ajiyewa a teburin manyan ofisoshi, mai fenti da tagogi, shi ya fi kama da jirgi, amma ba abin da zai gaya maka.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan cin rai. Ɗauki gwangwanin lemo da aka shanye, ka tsayar da shi, yaro zai iya hawa kai a hankali bai lotse ba. Amma a ɗan taɓa gefensa da yatsa, nan take ya durƙushe. Gangar roka haka take. Injiniyoyi sun daɗe suna mamakin yadda irin wannan ganga ke lotsewa tun ba ta kai ko sulusin abin da lissafi ya ce ba, sai wani ɗalibi a Delft ta ƙasar Holan, Warner Koiter, ya nuna a kundin digirinsa na 1945 cewa 'yar karkacewar da ido ba ya gani ce ke jawo haka. Da yarensu ya rubuta, ana tsakiyar yaƙi, sai a 1967 NASA ta fitar da shi da Turanci. Nakan tuna da shi duk ranar da na ji kamar ba mai karanta nawa. Ga yadda abin ya shafe ni: tabon milimita 0.1 a bangon milimita 2 ba komai ba ne, amma a bangon 0.2 rabin kaurin ke nan. Hannun mai ƙira ya shiga cikin sakamakon.

Duk da haka ƙaramin samfuri ya ceci rayuka. A 1959 da 1960 jirage biyu ƙirar Lockheed Electra suka rabu da fiffike a sararin Amurka. A ramin iska na NASA da ke Langley, wato ɗakin gwajin da ake hura wa samfuri iska kamar yana sama, da samfuri mai kashi ɗaya cikin takwas, aka nuna cewa in mazaunin inji ya yi rauni, farfela kan fara lilo, lilon ya yi daidai da karkarwar fiffike har ya ɓalle shi. Aka ƙarfafa wurin, jirgin ya ci gaba da aiki.

Kullum in na bi titin filin jirgi ta Lugbe nakan ga ƙofar NASRDA, hukumarmu ta binciken sararin samaniya, wadda aka kafa a 1999. Injiniyoyinmu ne suka haɗa tauraron ɗan Adam mai suna NigeriaSat-X, amma a Surrey ta Ingila suka haɗa shi, aka harba shi daga Rasha a 2011. A ganina mun fi son ranar yanke kyalle a kan aikin gwaji, don gwaji ba ya hoto mai kyau, ƙarshensa tarkace ne. Alhali wannan ɓangaren ne ƙarfinmu zai kai. Firam ɗin da nake danna samfuri a ciki, wani mai walda ne ya haɗa mini da ƙarfen da na sayo a Dei-Dei, jak ɗin kuwa na babbar mota ne. Masu tsadar su ne 'yan ma'aunan miƙewa da ake mannawa a jikin samfurin, daga waje ake kawo su, kuma wanda aka manna sau ɗaya ya tafi ke nan.

Abuja ma tana sa nata hannun. Gam ɗin da na haɗa da hunturu da wanda na haɗa da damina ba sa bushewa iri ɗaya, dole in rubuta zafi da laimar kowace rana. In aka ɗauke wuta aka tada janareta, rurinsa na biyo daɓe ya shiga ma'aunin girgiza, don haka awon karkarwa sai bayan Asuba, kafin maƙwabta su tada nasu.

Yanzu Farfesa ya ce ba zai sa hannu a babi na huɗu ba sai na ƙera samfuri biyu, mai kashi ɗaya cikin goma da mai kashi ɗaya cikin biyar. Zan karya ƙaramin, in rubuta nauyin da nake hasashen babban zai lotse a kai, in sa a ambulan in miƙa masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, in bai zo daidai ba fa?" Ya ce sai mu ga da nawa ya kauce, shi ne babi na biyar. Babban yana kan tebur, gam ɗinsa na bushewa, ranar Laraba za mu danna shi in Allah ya kai mu.