Daga Napoli zuwa Aarhus, wa zai bar wa wani magana?

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Napoli zuwa Roma a Italiya awa ɗaya da 'yan mintoci kawai ya yi a hanya, amma kujerun da ke gefena sai ka ce kasuwa ta ci. Wata dattijuwa ce da 'yarta da surukinta. Kafin uwar ta kai aya 'yar ta cafke zancen, surukin ya faɗo a tsakiya, hannaye na ta yawo a sama, har tsohuwar ta dafa gwiwar 'yar don ta ƙwato maganarta. Wanda bai san su ba zai rantse faɗa ake. Da muka iso tashar Termini kuwa, dariya suke ta ƙyaƙyatawa. A wurinsu wanda ya katse ka yana tare da kai ne, wanda ya yi gum shi ne hirar ba ta dame shi ba.

Daga Roma na tashi zuwa Kwapanhagan, babban birnin Denmark, na kama jirgin ƙasa zuwa Aarhus, tafiyar wajen awa uku, ta ramin ƙarƙashin teku da kan gadar Storebælt. Akwai wurin da aka keɓe wa masu son shiru, ko da yake ni ban ga abin da ya raba shi da sauran taragon ba. Na tambayi mutumin da ke fuskantata ko ɗan Aarhus ne. Ya ɗago, ya rufe littafinsa, sannan ya ce e. Haka ya riƙa yi wa kowace tambaya. In kuma ni ke magana, ko gyaran murya ba ya yi sai na dire, har na fara tunanin ko na gundure shi.

A 2009 Tanya Stivers da abokan bincikenta sun auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10. 'Yan Denmark ne suka fi kowa jinkiri, amma jinkirin nasu bai kai rabin daƙiƙa ba. Italiyawa ma ba su yi nisa da su ba, wajen sulusin daƙiƙa. A kan ɗan wannan ake yanke wa al'umma guda hukunci, a ce waɗannan ba su da ta ido, waɗancan kuma miskilai ne, kuma a ganina rashin adalci ne. Waɗanda suka fi kowa saurin amsawa a binciken ma Japanawa ne, da duniya ke wa kallon sarakunan kawaici.