Abincin 'Ya'yan Tarwada Da Lafiyar Ruwansu

Yawancin mutuwar 'ya'yan tarwada da ake ɗora wa cuta, daga hannun mai zuba abinci take fitowa. Mu da muke ƙyanƙyasar kifi a nan Katsina muna sayar wa manoma iri, abin da muka fi sa wa ido ke nan.

Ɗan tarwada idan ya fito daga ƙwai, kwana 3 yana rayuwa da gwaiduwar da ke cikinsa, duk abin da ka zuba masa a lokacin ruɓewa zai yi. Bayan nan ake fara ba shi Artemia, wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande. Ƙwansa muke saye a gwangwani, mu zuba a ruwa mai gishiri giram 25 zuwa 30 a kowace lita, mu sa masa iska, cikin kamar awa 24 ya ƙyanƙyashe. Sai mu raba shi da ɓawonsa mu ɗauraye, domin ɓawon ba ya narkewa a cikin kifi. Artemia ba ya daɗewa a ruwa mara gishiri, wanda ba a cinye ba mutuwa yake ya kwanta a ƙasa. Shi ya sa kaɗan-kaɗan muke bayarwa, sau da yawa a rana.

Garin abinci mai lamba 0.2 zuwa 0.5, wato girman ƙwayarsa a milimita, ya fi haɗari, saboda furotin ɗinsa da yawa. Ragowarsa da kashin kifi su ke zama amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, ruɓewarsu kuma tana cinye iskar ruwan. A zafin Afrilu gubar amoniya ƙaruwa take. Da hunturu kuwa kifi rage ci yake, wanda bai rage hannu ba ruwansa yake ɓatawa. Safe da yamma muke bin ƙasan tanki da siririn tiyo muna zuƙe datti. Da ka ga kumfa a sama, ruwa ya fara ƙarni, 'ya'yan sun rataye a tsaye, tsayar da abinci, ka sauya ruwa a hankali da wanda ya kwana a tanki ya sha iska.

Abin da ke mana ciwo shi ne masu buɗe buhu suna aunawa a leda, abinci ya sha rana ya sha danshi, wani ma an cakuɗa shi da mai arha. Yana taɓa ruwa sai ya watse kamar kunu. Sannan mai saye ya zo yana taya irinmu da farashin wanda aka raina da wannan abincin, alhali namu an tace shi girma ɗaya, an cire manyan da ke cinye 'yan'uwansu.