Minti ɗaya a waya: yadda ake raba yaro da gargada a karatu

Yaron da ya san baƙaƙe da wasula amma yake karatu yana cije-cije, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta da farkonta. Duk ƙarfinsa ya tafi wajen haɗa gaɓoɓi, babu abin da ya rage na fahimta. Maganin gargada kuwa tsohon abu ne da makarantar allo ta daɗe da sani: malam ya biya, yaro ya maimaita har harshe ya saba. Turawa sun rubuta wannan hanya a 1979, lokacin da wani masanin koyar da karatu, S. Jay Samuels, ya bayyana amfanin maimaita gajeren nassi guda sau da yawa. Abin da intanet ya ƙara shi ne malami mai ɗalibai sittin ya samu damar jin muryar kowannensu shi kaɗai.

A fara da nassin. Ga ɗan aji biyu ko uku na firamare, kalmomi 60 zuwa 100 sun isa. Shafin African Storybook yana da labaran Hausa kyauta, an jera su bisa matakin wahala. Malami ya naɗi muryarsa yana karanta nassin da natsuwa, ya tura tare da rubutun a manhajar aji ta intanet irin su Google Classroom ko Teams, ko ma rukunin WhatsApp na iyaye in shi ne ake da shi. Yaro ya saurara yana bin layi da yatsa, ya karanta shi kaɗai sau uku, sannan ya naɗi minti ɗaya ya aiko.

Lissafin ba wuya. A ƙirga kalmomin da ya karanta cikin mintin, a cire kurakurai. Tsallake kalma kuskure ne, canja ta da wata ma haka, haka nan in ya tsaya a kanta fiye da daƙiƙa uku. Wadda ya gyara da kansa ba a kama shi da ita. A ce ya kai kalma ta 62 da kuskure 7: makinsa 55 a minti, daidaitonsa kuwa 55 cikin 62, wato kusan kashi 89 cikin ɗari. Duk abin da ya gaza kashi 90, nassin ne ya fi ƙarfinsa, a sauko masa da mai sauƙi. Malamai da yawa sukan ƙara wa irin wannan yaro maimaici, alhali hadda kawai zai yi.

Manhajar Reading Progress da Microsoft ya saka cikin Teams a 2021 tana yin wannan ƙirga da kanta. Malami ya ɗora nassin a Word ko PDF, ya ƙayyade sau nawa yaro zai gwada, ita kuma ta yi alama a kalmomin da take ganin an kuskure. In karatun Turanci ne, a rage tsananin tantance lafazi, domin yaran Hausawa sukan musanya p da f, sai na'ura ta cika musu shafi da ja alhali sun gane kalmar sarai. A kuma kashe tilascin bidiyo in data ta yi tsada; murya kaɗai ake buƙata. PDF ɗin da hoton shafi ne aka ɗauka da waya shi ma yana ba da matsala, gara a buga rubutun da hannu.

A karatun Hausa dai, ni shawarata a kashe tantancewar na'ura, malami ya sa kunnensa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Yaron da ya karanta "ta kaɗa miyar kuka" da karin mai hawaye bai bi ma'ana ba, ko da saurinsa ya kai ina. Wannan shi ne kuskuren da ya fi faɗa wa malami gaskiyar halin yaro, kuma mai ƙirga kalmomi kawai ba zai kama shi ba. Kafin a tura nassi a duba cewa ɓ, ɗ da ƙ sun fito daidai a allon waya, don wasu tsofaffin wayoyi kan mayar da su ƙananan akwatuna, wasu masu bugawa kuma kan yar da lanƙwasar, sai "ƙafa" ta koma "kafa".

Da zarar yara sun gane ana duba agogo, sai tsere ya tashi, a wuce waƙafi da aya kamar motar da birkinta ya tsinke. A magance wannan da tambayoyi biyu kan labarin, a amsa su a cikin saƙon muryar. In kuma aka ji raɗa a bayan fage, yaya ce ko uwa take taya shi, sai a roƙe su su bar shi ya yi kuskurensa. A nisanta wayar daga baki kamar taƙi ɗaya, a guji ƙarar fanka da janareta.

Kwana uku ko huɗu a mako, minti goma, ya wadatar. Makin da za a rubuta a littafi kuwa a ɗauke shi daga sabon nassin da yaro bai taɓa gani ba, sau ɗaya duk bayan mako biyu.